Darasi na 7: Ɗumin Ɗaki da Lafiyar Numfashi

Da zarar sanyi ya kankama, abin da akasarin mutane ke fara yi shi ne su rufe ƙofa da taga, su toshe duk wata kafa da tsumma, sannan su shigo da wuta. Ɗaki ya yi ɗumi, kowa ya ji daɗi. Wannan darasi zai duba abin da ke faruwa da iskar ɗakin bayan an yi haka, da yadda za ku sami ɗumin ba tare da kun sayar da lafiyarku ba. Malami zai fara karantawa a bayyane, sannan ɗalibai su karɓa, kowa da nasa sakin layi.

Wuta ma numfashi take yi

Iskar da muke shaƙa gauraye take. Kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, wato ɓangaren da jiki ke rayuwa da shi. Babban mutum yakan shaƙi iska sama da lita 10,000 a kwana guda. Ita ma wuta da oksijin ɗin take ci. Gawayi ne, ko itace, ko kananzir, ko gas, babu wanda zai kama idan babu shi. Ku gwada a aji: ku kunna kyandir, ku kife masa kofin gilashi. Ba za a jima ba harshen wutar zai ƙanƙance ya mutu, ba tare da kowa ya hura shi ba.

Ɗakin da aka toshe ya fi kofin girma, shi ya sa wutar cikinsa ba ta mutuwa nan take. Sai dai ta ci gaba da ci a wahalce. To, a nan matsalar take. Idan wuta ta sami isasshiyar iska, tana cinye makamashinta sosai. Idan ba ta samu ba, sai ta riƙa fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid.

Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Hayaƙi aƙalla yana korar mutum, ya tashi ya buɗe taga. Ita kuwa ba ta yi wa kowa sallama. In ta shiga huhu sai ta wuce cikin jini, ta manne a wurin da oksijin ya kamata ya zauna, kuma ƙarfin mannewarta ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Mutum yana numfashi, ƙirjinsa na hawa yana sauka, amma ƙwaƙwalwa da zuciya ba sa samun rabonsu.

Akwai wata magana da ta yaɗu, kuma ta yi sanadin rayuka da dama. Wai idan gawayi ya gama hayaƙi, ya koma jan garwashi, to an tsira, ana iya shiga da kasko ɗaki a kwanta. Ba haka ba ne. Hayaƙin ne kawai ya ƙare. Garwashi yana ci gaba da fitar da gubar har sai ya mutu murus, kuma rufe shi da toka ba ya hana shi, sai ma ya ƙara rage masa iska. Wasu kuma sukan ajiye kwanon ruwa kusa da wuta wai zai shanye gubar. Ruwa ba ya shan ta yadda zai ceci kowa. Wanda ya toshe ɗaki ya kwanta da garwashi don tsoron sanyi, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Yadda ake gane ta a jiki

Alamun farko ba su da ban tsoro, kuma wannan ne ya sa ake raina su. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, wani lokaci amai. Sai mutum ya ce mura ce za ta kama shi, ko gajiyar aiki ce, ya ƙara lulluɓa. Idan abin ya yi nisa, sai ruɗewa ta biyo baya, ƙafafu su ƙi ɗaukar mutum, ya suma. Wanda yake barci kuwa ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu.

Ga abin da zai sa ku zargi iskar ɗaki. Ciwon ya kama mutanen gida kusan lokaci ɗaya. Babu zazzaɓi. Wanda ya fita waje yakan ji sauƙi, in ya dawo ciki abin ya dawo. Idan akwai tsuntsu ko kyanwa a ɗakin, su ma za a gan su a galabaice. Jarirai, da masu juna biyu, da tsofaffi, da masu ciwon zuciya ko asma su ne suka fi saurin jigata. Mai ciki na iya cewa ita ba ta ji komai sosai ba, alhali ɗan da ke cikinta ya fi ta shan wahala.

Idan haka ta faru, kada ku tsaya neman dalili. Ku buɗe ƙofa da tagogi, ku fitar da kowa waje, ku kashe abin da ke ci idan yin haka ba zai ɓata muku lokaci ba. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa komai a baki, domin zai iya shaƙewa, kuma babu wani abin sha da ke wanke wannan guba daga jini. Oksijin ne maganinta. A iskar waje, jiki kan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya rage rabin gubar. Da oksijin na asibiti, bai fi awa ɗaya da rabi ba. Saboda haka ko an ga mutum ya farfaɗo yana magana, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita abin da aka kunna a ɗakin.

To, a zauna cikin sanyi ke nan?

A'a. Sanyi ma cuta ne. Yana tayar da hawan jini, yana tsananta tari da asma. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗumin ɗaki ya gaza digiri 18 a ma'aunin Salshiyas a lokacin sanyi. Abin da ake nema shi ne ɗumi da iska su tafi tare. Duk wutar da ke ci a cikin gida tana buƙatar hanya biyu: ta inda sabuwar iska za ta shigo, da ta inda hayaƙi zai fita. In ɗaya ta toshe, an shiga haɗari.

Kaskon gawayi ba shi da ta biyun, don haka wurinsa waje ne ko inda iska ke ratsawa sosai, ba ɗakin kwana ba. Ga barci, ku dogara da abin da ba ya ci da wuta. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri riƙe ɗumi, domin iskar da ke tsakaninsu ita ce ke tare sanyi. A shimfiɗa darduma a ƙasa, a sa labule mai nauyi, a ƙara bargo, a sa safa da hula. Jariri dai kada a rufe masa fuska.

Janareta kuwa ba ya shiga gida ko kaɗan, ko zaure, ko gareji, ko da an bar ƙofa a buɗe. A ajiye shi aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon nesa da gida. Masu tsoron ɓarayi su ne suka fi karya wannan doka. A gina masa keji mai kwaɗo a waje, ya fi a kwana da shi.

Kula da abin ɗumama ɗaki

Mai amfani da hitar gas ko ta kananzir, ko risho, ya riƙa kallon launin wutarsa. Shuɗiyar wuta mai tsayawa cak ita ce lafiyayya. Idan ta koma rawaya, tana rawa, tana barin baƙi a bango ko a gindin tukunya, to ba ta ci daidai. Sau da yawa datti ne ya toshe ƙofofin wutar, ko lagwani ya ƙone yana neman gyara ko canji. A kashe, a bari ta huce, a share. In ba ta gyaru ba a kira mai gyara. Kada a zuba kananzir a abin da ke ci, kada kuma a kusanto da fetur ko da wasa. Irin wannan hita da ba ta da bututu ana kunna ta ne da taga a ɗan buɗe, a kuma kashe ta kafin a kwanta. Murhun girki na gas ba abin ɗumama ɗaki ba ne.

Gas ɗin tukunya asalinsa ba shi da wari. Da gangan ake sa masa wannan ɗoyi don ku ji idan yana yoyo. Ya fi iska nauyi, shi ya sa yake kwanciya a ƙasa ya taru. Idan kun ji warinsa, ku rufe kan tukunya, ku buɗe ƙofofi, kada ku ƙyasta ashana, kada ku taɓa makunnin lantarki, ko don kunnawa ko don kashewa. Ana gwada tiyo da mahaɗarsa da kumfar sabulu: inda kumfa ke tasowa, nan ne yake yoyo.

Gidan da ke da murhun itace mai bututun hayaƙi yana da nasa aikin. Kunkunniya da wani baƙin ƙwalta suna taruwa a cikin bututun, su ƙuntata hanya, kuma suna iya kamawa da wuta. Tsuntsaye ma kan yi sheƙa a ciki a watannin da ba a kunna shi. A share shi aƙalla sau ɗaya a shekara, kafin sanyi ya shigo. A ƙona busasshen itace kawai. Ɗanye yana ɓata zafinsa wajen ƙafar da ruwan jikinsa, hayaƙi ya yi yawa, ɗumi ya yi kaɗan. Roba, da leda, da katakon da aka yi wa fenti ba makamashi ba ne, guba ce ake ƙonawa.

Hitar lantarki ba ta fitar da kabon monoksaid, haɗarinta gobara ce. A bar tazarar mita ɗaya tsakaninta da labule, katifa ko tufafi. Kada a shanya mata wanki a kai. A jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, domin tana jan wuta da yawa, ƙaramar wayar ƙari ba za ta iya da ita ba. Idan soket ya yi zafi ko ya canza launi, a daina amfani da shi.

A gidajen da na'ura ɗaya ke ɗumama dukkan ɗakuna, matatar iskarta ce ake yawan mantawa da ita. In ƙura ta toshe ta, na'urar za ta sha wuta da yawa ta ba da ɗumi kaɗan. A duba ta kowane wata, a wanke ko a canza idan ta yi datti. Inda ruwan zafi ne ke zagayawa cikin ƙarafan jikin bango, idan ƙasan ƙarfen ya yi zafi samansa na da sanyi, iska ce ta maƙale. Akwai ɗan makulli a gefe, ana sassauta shi har iskar ta gama fita ruwa ya fara ɗiga, sai a ɗaure. Ita tukunyar da ke dafa ruwan, duba ta aikin ƙwararre ne, sau ɗaya a shekara.

Akwai kuma wata 'yar na'ura mai batir da ke yin ƙara idan kabon monoksaid ta taru. Duk gidan da ake kunna wuta a ciki ya kamata ya mallake ta, a ajiye kusa da wurin kwana. Ba ita ce na'urar da ke yin ƙara idan ta ji hayaƙin gobara ba, aikinsu daban. A riƙa danna maɓallin gwajinta, a kuma duba ranar ƙarewarta a bayanta, domin ba ta dawwama.

Hayaƙi da danshi

Ban da gubar da ke kashewa a dare ɗaya, akwai mai ci a hankali. Hayaƙin girki na ɗauke da ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, suna shiga can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, sama da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mata da ƙananan yara abin ya fi shafa, don su ne ke daɗewa a bakin murhu. A yi girki inda iska ke wucewa, a nisanta yara daga hayaƙi. Mai shan taba kuma ya fita waje, buɗe taga bai wadatar ba.

Ɗakin da ba a buɗewa yana tara danshi daga numfashi, da girki, da wankin da aka shanya a ciki. Za ku ga gilashin taga yana gumi da safe, daga baya baƙin funfuna ya fito a kusurwa ko bayan kabad. Yana tayar da asma da tari. A buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna na minti 10 kowace rana, ko da ana sanyi. Iskar ce za ta sauya, bango da kayan ɗaki ba za su huce cikin wannan ɗan lokaci ba. Abin da ya jiƙe a busar da shi cikin kwana biyu. Wajen goge funfuna, kada a gauraya bilic da wani ruwan wanki, haɗin na iya fitar da iska mai ƙona huhu. In kuma rufi ne ko famfo ke yoyo, gogewa ba za ta yi amfani ba sai an gyara yoyon.

Aikin gida

Ku zagaya gidanku, ku rubuta sunan duk abin da ke ci da wuta a ciki. A gaban kowanne ku rubuta ta ina iska ke shigo masa, ta ina kuma hayaƙinsa ke fita. Wanda ba ku sami amsarsa ba, ku ja masa layi. Sannan ku rubuta alamu huɗu na shaƙar kabon monoksaid da manyan baƙaƙe a takarda, tare da lambar wayar da za a kira idan an shiga gaggawa, ku manna a bayan ƙofa. Ku zo da littafinku a zama na gaba, za a karanta amsoshin a aji.