Kurakuran da sababbin masu banda ke ta maimaitawa

Shekarata 16 ina bandar kifi a bakin Kwara, nan Yawuri, kuma na gaji da ganin ƙannena mata suna afkawa ramin da na riga su faɗawa. Masunta su fito daga ruwa da hantsi su miƙo kifi, nasu ya ƙare. Feɗewa, wankewa, neman itace, juya kifi a kan waya har tsakar dare, duk a wuyan mace yake. Asara ma in ta zo, ita take samu.

Babban kuskure shi ne sauke kifi bai bushe ciki ba. Tarwaɗa tana yaudara: fatarta ta yi baƙi tana sheƙi, amma wajen wuya da ruwa. Wata damina dillali ya tsaya a kaina yana azalzalata, wai motar Anacha za ta tashi. Na kwashe kwali 6 da ɗuminsu na ɗaure. Bayan mako ya dawo ya ce, "Hajiya, sai haƙuri, kayanki sun yi funfuna a hanya." Ko sisi bai ba ni ba, kuma ba mu rubuta komai ba, ba mu kafa shaida ba. Kifin nan bashi na ɗauko wurin masunci, sai da na sayar da awakina 2 na biya shi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don kuskure biyu na haɗa rana guda.

Yanzu wuta biyu nake yi. Ta farko mai ƙarfi don kifi ya dahu, ta biyu a hankali ya kwana yana shan hayaƙi. Da safe in ɓalle guda ta wajen kai in duba, in shinshina. Sai ya huce sarai zai shiga kwali, in ya yi kwana 3 bai tafi ba in mayar da shi kan waya. Dillali kuwa, ko ɗan ɗakinmu ne, sai ya ba da rabin kuɗi, ɗiyata ta rubuta sauran a littafi a gaban mutum biyu.

Ke kuma mai yayyafa fiya-fiya ko Sniper a kwali don korar ƙwari, ki ji tsoron Allah! Wa kike zaton zai ci kifin nan? Yaran wata ne irin naki. Sniper maganin ƙwarin gona ne, dafi ne, shi ya sa a 2019 hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalabensa barkatai. Wanki ba ya ba ki tabbacin ya fita. Ni dai gishiri nake sawa kafin banda, in barbaɗa dakakken barkono a gindin kwali, in ƙwaro ya nuna kai wuta ce maganinsa.

Sauran ƙanana ne. Kada ki hura wuta da leda ko roba, warin yana kama kifi. Ɗanyen itace yana sa shi ɗaci. Kada ki zube kifi a ƙasa, ƙuda ya yi masa ƙwai. Jari daban, kuɗin cefane daban, ko da maigida zai yi fushi.

Sai goyo. Ina ganinku tsugunne gaban ganga, jariri a baya yana tari, idonki na zubar da ruwa. Ki sauke shi a inuwa nesa da hayaƙin. Matan Chorkor a Ghana tun 1969 suke da murhun laka mai faranti hawa-hawa, itace kaɗan, kifi da yawa a wuta ɗaya. Mu 5 muka yi adashi muka gina irinsa bara, itacen da a da nake ƙonawa kwana 2 yanzu yana kai ni kwana 4.