Yadda Ake Lissafa Nisan Tafiyar Jirgin Sama Daga Kano Zuwa Jidda

Kada ka ɗora rula a kan taswirar bango. Duniya ƙwallo ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya, don haka tana karkatar da hanya. Jirgin Dubai zuwa Los Angeles ta kusa da ƙarshen arewacin duniya yake bi, domin can ne yanke, ko da yake a taswira sai ka ce zagaye ya yi.

Fara da samo lambobin matsayin filayen jirgin biyu. Idan ka danna wurin ka riƙe a Google Maps za su fito. Filin Malam Aminu Kano yana digiri 12.0 arewa, 8.5 gabas. Filin Sarki Abdul'aziz na Jidda yana 21.7 arewa, 39.2 gabas. Cire 8.5 daga 39.2, tazarar gabas ta zama 30.7.

Sai ka buɗe kalkuletar kimiyya ta wayarka. Ninka sin 12.0 da sin 21.7, ka sami 0.077. Ninka cos 12.0 da cos 21.7 da cos 30.7, ka sami 0.781. Haɗa su, 0.858 ke nan. Danna cos⁻¹ a kan wannan, zai ba ka digiri 30.9. Kowane digiri ɗaya a bayan ƙasa kilomita 111.2 ne, saboda haka nisan ya kama kilomita 3,436, wato kusan 3,400.

A nan ake yawan tuntuɓe. Idan kalkuleta tana kan RAD maimakon DEG, wato ma'aunin digiri, amsar za ta fito shirme. Garin da ke kudu da ikweta ko yamma da Greenwich na Landan, kamar Johannesburg ko New York, dole a sa wa lambarsa ta wannan ɓangaren alamar ragi, in ba haka ba ka kai shi wani wuri daban. Mil ma iri biyu ne: na hanyar mota kilomita 1.609, na matuƙa jirgi kuma 1.852. Tafiyar nan mil 2,135 ce da na farko, 1,855 da na biyu.

Lokaci fa? Manyan jiragen fasinja suna cin kimanin kilomita 850 a awa. Raba 3,400 da 850, awa huɗu, ka ƙara rabin awa na hawa da sauka.

Wannan lissafin mafi gajeriyar hanya ne, kuma jirgi ba kullum yake samun ta ba. Miƙaƙƙen layin ya ratsa Chadi da arewacin Sudan kafin Bahar Maliya, amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage da yawa suke kauce wa samaniyarta, tafiyar ta ƙara tsawo. Iska ma tana da nata. A can sama akwai wadda ke kaɗawa da ƙarfi daga yamma zuwa gabas, ita ta sa New York zuwa Landan ke fin dawowa sauri da kusan awa guda.

Ka kula da tikiti sosai, musamman idan wani zai tarbe ka. Lokacin da ke jiki na agogon kowane gari ne, Jidda kuma tana gaban Kano da awa biyu. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na safe ya yi awa huɗu da rabi, ƙarfe 4:30 na yamma za a rubuta ya sauka, alhali agogon hannunka yana nuna 2:30.