Darasi na Bakwai: Aikin da Bishiya Ke Yi a Ɓoye

Kowa ya san daɗin inuwa. Idan rana ta take, mutum da dabba duk gindin bishiya suke nema. Amma aikinta mafi girma yana ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.

Ku lura da ranar da aka tafka ruwan sama. A filin da babu itace ko ɗaya, ɗigon ruwa yana dukan ƙasa kai tsaye, ya farfasa ta, sai kwararar ruwa ta kwashe ta, ka ga ruwan ya yi jajawur. Ƙasar saman nan da ta tafi kuwa ita ce mai albarka, ita ke ciyar da shuka. Bayan 'yan shekaru sai kwari ya buɗe baki a tsakiyar gona.

A gindin bishiya ba haka abin yake ba. Ganye ne ke fara tare ruwan, ya sauko a hankali. Busasshen ganyen da ya zube ya lulluɓe ƙasa kamar bargo. Saiwoyi sun riƙe ta gam, sun kuma buɗe ƙananan hanyoyin da ruwa ke bi ya nutse. Ruwan da ya nutse shi ake samu a rijiya bayan damina ta wuce. Ganyen kuma ruɓewa yake yi ya koma taki, shi ya sa nake jin takaici in na ga an tara shi an cinna masa wuta.

A sama ma ganye bai huta ba: yana zuƙe iskar kabon, yana fitar da oksijin da muke shaƙa. Kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka aka samo shi. Takardar littafi ma daga itace take.

Dasawa ba wuya, raino ne aiki. Wangari Maathai ta ƙasar Kenya ta fara haɗa kan mata suna dashe a 1977, suna kuma kula da abin da suka dasa. A 2004 aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya. Ku ma in za ku dasa, ku bari sai damina ta kama. A haƙa rami ya fi gindin dashen faɗi, a cire ledar ba tare da an wargaza ƙasar da ke jikin saiwa ba, a danne gefe, a ba shi ruwa, a killace shi don kada dabbobi su cinye.

Aikin yi: Ku cika faranti biyu da ƙasa, ku rufe ɗaya da busasshen ganye. Ku karkatar da su, ku yayyafa wa kowanne ruwa kofi ɗaya. Ruwan wanne ne ya fito da laka? Ku rubuta amsar a jimla biyu.