Rashin lafiya da albashi a Birtaniya: abin da sabon ma'aikaci ya kamata ya sani

Duk wanda ya samu aiki a Birtaniya, kafin ya sa hannu a takardar kwantiragi, ya nemi sashen da ya yi bayanin hutun rashin lafiya ya karanta shi a tsanake, domin a nan ne ma'aikata biyu masu albashi ɗaya suke bambanta ranar da ciwo ya kwantar da su. Abin da doka ta wajabta wa kamfani shi ne kuɗin jinyar da ake kira SSP, wanda a shekarar kuɗi da ta fara a Afrilun 2025 ya kasance fam 118.75 a mako, kuma ba ya wuce mako 28. Mai aikin awa 37.5 a kan mafi ƙarancin albashi na waccan shekarar ga mai shekara 21 zuwa sama, fam 12.21 a awa, yana samun kusan fam 458 a mako, ke nan jinya takan bar shi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya saba karɓa, alhali kuɗin haya da abin da yake turawa gida suna nan yadda suke. Ma'aikacin NHS kuwa, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnati, ko a shekararsa ta farko, yana da wata ɗaya na cikakken albashi da wata biyu na rabi. Gidajen kula da tsofaffi masu zaman kansu da yawa ba sa ƙara komai a kan SSP, mai zaman kansa kamar mai kai abinci a keke kuma ba shi da ita sam.

A kwana bakwai na farko sanarwar ma'aikaci ta wadatar, bayan haka sai an kawo takardar likita.

Inda mutanenmu suka fi cutar da kansu shi ne ɓoye lalura, saboda kunya ko tsoron sallama. Dokar daidaito ta 2010 tana ɗaukar duk lalurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa da ke takura wa harkokin yau da kullum sosai, na tsawon wata 12 ko fiye, a matsayin nakasa, kuma ciwon daji da HIV suna shiga tun ranar da aka gano su. Mai sikila, wanda sanyin hunturu kan tayar masa da ciwo, zai iya neman a sauya masa aikin dare, a nisanta shi da ɗakin sanyi, ko a ba shi lokacin zuwa asibiti. Sai dai nauyin yin irin wannan sauƙi ba ya hawa kan kamfani sai ya san da lalurar, ko kuma alamunta sun isa a ce ya sani. A ganina abin da ya fi shi ne a sanar a rubuce bayan an samu tayin aiki, tun da dokar ta taƙaita tambayoyin lafiya kafin wannan mataki. A kuma lura cewa idan sauƙin da aka nema rage awoyi ne, albashi ma kan ragu, don haka a tambayi lissafin kafin a amince.

Masu bizar da ta haramta cin tallafin gwamnati su bambance abu biyu. SSP ba ta cikin haramcin, domin kamfani ne yake biya, amma Universal Credit (tallafin masu ƙaramin ƙarfi) da PIP (tallafin masu nakasa ko doguwar jinya) suna ciki, kuma karɓarsu na iya jefa bizar cikin matsala. Idan kamfani ya ƙi biya ko ya ƙi yin sauƙin da aka nema, hukumar Acas, mai sasanta ma'aikata da kamfanoni, tana ba da shawara kyauta, kuma a tuntuɓe ta da wuri, saboda wa'adin kai ƙara kotun ma'aikata gajere ne.