Yadda Ake Bin Saiwar Kalmar Ƙauna a Tsohon Harshen Indo-Turai

Fara da tsohuwar siffar kalmar. A tsohon Turanci love lufu ce. Jera ta da Liebe ta Jamusanci, lyubov ta Rashanci, lubet ta Latin da lubhyati ta Sanskrit (tsohon harshen Indiya), wato yana kwaɗayi. Tushensu ɗaya ne, *leubh-, a tsohon harshen Indo-Turai, wato harshen da duk waɗannan harsuna suka samo asali daga gare shi. Alamar tauraro (*) da ke jikin kalmar na nufin masana ne suka gina ta, ba a taɓa samunta a rubuce ba.

Daga nan auna sautuka da dokar Grimm ta 1822, wadda ke bayyana yadda sautuka suka sauya a dangin Jamusanci. A wannan dangin, wanda Turanci ke cikinsa, p kan koma f, shi ya sa priya, abin ƙauna a Sanskrit, ta dace da friend da free na Turanci.

Inda ake tuntuɓe shi ne kamannin ido. Habere ta Latin da have ta Turanci sun yi kama, amma h ta Turanci daga k take fitowa, don haka 'yar'uwar have a Latin ita ce capere, wadda ake furta c ɗinta kamar k.