Yadda Ake Gane Dutsen Alekzandarait na Gaskiya Kafin a Biya Kuɗi

Alekzandarait dutse ne da ke sauya launi. Da rana kore ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, idan kuma aka kawo shi gaban kyandir sai ya koma ja mai shunayya. An fara gano shi a shekarun 1830 a ramukan haƙar zumurrudu na tsaunukan Ural a Rasha, aka raɗa masa sunan yariman da daga baya ya zama Sarki Alekzanda na biyu. A al'adar Turawa ta ba kowane wata dutsensa, shi ne na watan Yuni tare da lu'ulu'un teku, shi ya sa ake yawan neman sa don zobe ko 'yan kunne na kyautar ranar haihuwa. Sai dai na gaskiyar yana da wuyar samu ƙwarai, na jabu kuwa ya cika kasuwa. Ga yadda za ki bi, 'yar'uwa, kafin kuɗinki su bar hannunki.

Da farko ki gwada shi a haske iri biyu, kuma kada ki yarda da hasken shagon. Fitilun shagunan gwala-gwalai an zaɓe su ne don su ƙawata kaya. Ki roƙi mai shago ya bari ki kai dutsen bakin ƙofa ko kusa da taga, a inuwa, ba cikin rana tsaka ba. Ki ɗora shi a kan farar takarda ki dubi launinsa da kyau. Sannan ki koma wuri mai ɗan duhu, a kunna kyandir ko ashana, ko tsohon ƙwan lantarki mai zare wanda ke ɗaukar zafi. Fitilar waya da fararen fitilun zamani ba sa nuna jan yadda ya kamata. Dalilin sauyin shi ne ɗan sinadarin kuromiyam da ke cikin dutsen: yana shanye hasken rawaya, ya bar kore da ja. Hasken rana ya fi yawan shuɗi da kore, harshen wuta kuma ya fi yawan ja, don haka kowanne ke fito da nasa.

A nan ne mutane da yawa suke faɗawa. Ba kowane dutse mai sauya launi ba ne alekzandarait. Tun farkon ƙarni na 20 ake ƙera wani a masana'anta daga sinadarin da ake yin yaƙutun masana'anta da shi, a zuba masa sinadarin banadiyam. Wannan da rana launinsa shuɗi ne mai toka-toka ko shunayya, da dare ya koma shunayya mai ruwan hoda. Ba ya taɓa zama kore na sosai. Idan kin ga dutse babba kamar ƙwayar gyaɗa, tas-tas babu ɗigon komai a ciki, yana tashi daga shunayya zuwa wata shunayyar, kuma farashinsa bai fi na zinariyar da ke riƙe da shi ba, to ki ajiye shi. Irinsa ne aka daɗe ana sayar wa matafiya a matsayin na asali, har wasu iyalai suka gaje shi suna zaton dukiya ce.

Na biyu, ki nemi madubin ƙara girma na masu gwal, mai ninka abu sau 10. Na ƙasa, wato wanda aka haƙo, yakan zo da 'yan tabo a ciki, kamar siraran allurai ko zanen yatsa. Kumfar iska zagayayya ko layuka masu lanƙwasa alamar gilashi ce ko ƙirar masana'anta.

Na uku, ki tambayi nauyi da asali. Karat ɗaya giram 0.2 ne, kuma yawancin alekzandarait da aka sassaƙa ba ya kai karat ɗaya. Na Rasha ya yi ƙaranci yanzu. Wanda ke kasuwa ya fi fitowa daga Brazil, inda aka gano mai kyau a Hematita a 1987, sai Siri Lanka, Indiya, Tanzaniya da Madagaska.

Abu mafi muhimmanci shi ne takardar gwaji. Tun shekarun 1970 ake haɗa alekzandarait a ɗakin bincike, mai sinadarai iri ɗaya da na ƙasa, kuma yana sauya launi daga kore zuwa ja sarai. Ido ba ya iya raba su, ko da na gwani ne. Ni ban ga aibu a sayen sa ba matuƙar an faɗa miki gaskiya kuma kin biya farashinsa. Amma idan kuɗin na ƙasa za ki biya, ki nemi rahoto daga cibiyar gwajin duwatsu mai zaman kanta kamar GIA ta Amurka, ko SSEF da Gübelin na Suwizalan. Ki shigar da lambar rahoton a shafinsu na intanet, ki tabbatar nauyi da awon da ke rubuce sun yi daidai da dutsen da ke tafin hannunki. Takardar da shagon ya buga da kansa ba ta wadatar ba.

Idan ya shigo hannu, kula da shi ba wuya. Taurinsa 8.5 ne a ma'aunin Mohs, ƙasa da yaƙutu kaɗan, don haka yana jure sawa kullum. Ruwan ɗumi, sabulu da buroshin haƙori mai laushi sun isa wanke shi. Ki ware masa 'yar jakarsa daban, domin daiman zai iya karce shi, shi kuma zai iya karce lu'ulu'un teku da zinariyar da ke kusa da shi.