Yadda Ake Gano Dalilin Ƙarar Ƙas-Ƙas a Injin Mota da Yadda Ake Gyara Ta

A watannin Disamba da Janairu, lokacin da sanyin hunturu ya kankama a Zariya, masu motoci da yawa sukan tayar da inji da sassafe su ji wata siririyar ƙara tana fitowa daga ƙarƙashin bonet, ƙas-ƙas-ƙas, tamkar ana buga ƙusa a kan kwano. Wasu sukan yi biris da ita har sai ta zama babbar matsala, wasu kuma sukan garzaya gareji a firgice, inda sau da yawa shawarar farko da za su ji ita ce a zuba baƙin mai mai kauri ko kuma a buɗe injin gaba ɗaya. A ganina duka biyun gaggawa ne, domin mai mota da kansa yana iya taƙaita inda matsalar take tun kafin a ɗora sifana a kan kowane noti, muddin ya san abin da zai duba da kuma lokacin da zai saurara.

Abin da za a fara dubawa shi ne baƙin mai. A ajiye motar a wuri mai daidaito, a kashe ta, a jira kamar minti 10 domin man ya gangaro ƙasa, sannan a zaro gejin, a goge shi da tsumma, a mayar da shi har ƙarshe, a sake zarowa a karanta. A yawancin ƙananan motoci, tazarar da ke tsakanin alamar ƙasa da ta sama ba ta wuce kimanin lita 1 ba. Dalilin da ya sa ƙarancin mai ke haifar da wannan ƙara shi ne, famfon mai yana tsotso shi ne daga botom filet, wato kwanon da man ke taruwa a can ƙasan inji, ya tura shi sama, bawul-bawul (masu buɗe wa iska da hayaƙi hanya) da kamshaf (sandar da ke danna su) kuwa su ne suka fi nisa da famfon, saboda haka su ne ke fara jin ƙishi idan man ya yi ƙasa. Idan an cika man zuwa alamarsa ƙarar ta ɗauke, to sai a koma neman inda yake zuba ko kuma ko injin ne yake shan sa. Amma idan jar fitilar mai ta kama a dashbod alhali injin yana aiki, babu batun a lallaɓa zuwa gida. A kashe motar nan take, ko da a tsakiyar cunkoson Kwangila ne, a nemi mai ja.

Idan man yana nan daidai, sai a koma ga kunne, kuma tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce yaushe ƙarar take zuwa. Wadda take fitowa da zarar an tayar da mota da safe, ta yi daƙiƙa kaɗan ta ɓace, yawanci alama ce ta cewa man ya tsiyaye daga saman injin cikin dare, kuma tafet ɗin da ke aiki da ƙarfin mai (ɗan ƙoƙon ƙarfen da ke tsakanin kamshaf da bawul), irin wanda ke cikin Golf 3, yana jiran ya sake cika. A nan filtar mai ce abar zargi ta farko, domin a cikin filta mai kyau akwai wani ɗan bawul na roba da ke hana man komawa ƙasa idan an kashe inji, filta mai araha kuwa sau da yawa wannan robar ba ta riƙewa. Wadda take ɗaukar mintuna tana yi, sai injin ya ɗauki zafi sannan ta lafa, musamman idan ana jin warin hayaƙi a gaban mota, ta fi kama da yoyon manifol ɗin salansa, wato bututun da ke tattara hayaƙi daga jikin inji: gasket ɗinsa ya ƙone, ko wani noti ya karye, ko ƙarfen ya tsage, idan ya yi zafi ya buɗa sai tsagar ta matse. Baƙin tabon hayaƙi a gefen manifol shi ne shaidarta. Wadda kuma ba ta barin injin ko da ya yi zafi, tana ƙara sauri idan an taka totur tana raguwa idan an saki, wannan ta bawul ce a mafi yawan lokuta.

Saurin ƙarar ma yana ba da labari. Kamshaf yana juyawa sau ɗaya ne a duk juyi biyu na karanshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a ƙasan inji, don haka idan inji yana silo a kan juyi 800 a minti, kowane bawul yana buɗewa sau 400 ke nan a minti, wato kusan sau 7 a daƙiƙa. Ƙarar bawul siririya ce, daga sama take fitowa. Wadda ta fito daga ƙasa da nauyi, gwaf-gwaf, tana ƙara ƙarfi idan motar ta ɗauki kaya ko tana hawan tudu, wannan ba ta cikin abin da ake lallaɓawa, domin metal ne ya cinye, wato shimfiɗar ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai, kuma ci gaba da tuƙi a haka shi ne ke kai inji ga bugawa.

Don gano ainihin wurin, doguwar sukudireba ta wadatar. A ɗora bakinta a kan sashen da ake zargi, a manna mariƙinta a ƙashin kunne, ƙarfen zai kawo sautin tar. Sai dai a kula ƙwarai, kada a yi wannan aiki da babbar riga ko rawani ko hannun riga mai lilo, domin fanbel ba ya tausayi, fankar lagireto kuma takan tashi da kanta ba tare da sanarwa ba. A bi murfin saman inji daga wannan kai zuwa wancan, a taɓa jikin alteneta, a taɓa murfin sarƙar tayimin, sannan a taɓa nozul, wato masu fesa fetur cikin inji, ɗaya bayan ɗaya. Nozul na fetur dama aikinsa ke nan ya riƙa ƙas-ƙas a jere ba tare da tangarɗa ba, kuma na ga masu motoci da dama sun kashe kuɗi suna neman maganin ƙarar da lafiya ce take nunawa. Bayan injin ya huce, a duba fulogi ma, domin wanda bai ɗauru ba yakan bar iska ta riƙa fita ta gefen zarensa da sauti mai kama da na tafet, gyaransa kuwa ɗaurewa ce kawai.

Idan ta tabbata bawul ne, gyaran ya danganta da irin injin, kuma a nan ne ake yawan yin ɓarna. Motocin Honda irin su Accord da Civic, da tsohuwar Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, suna da noti da sukuru da ake saita tazarar bawul da su. Tazarar ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai rabin milimita ba, ana auna ta ne da wasu siraran ƙarafa masu lamba a jiki, kuma kowane inji yana da adadinsa na bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi. Wajibi ne a yi saitin injin yana sanyi. Kamfanin Honda ya ƙayyade cewa zafin saman injin ya kasance ƙasa da digiri 38 a ma'aunin Celsius, wanda a zafin Zariya na watan Afrilu ma'anarsa motar ta kwana a gareji a yi aikin da safe. Bakaniken da ya ce shi da kunne yake saiti, ya yi ta matse sukuru har sai ƙarar ta ɗauke ɗif, ya cuci mai motar ba tare da ya sani ba, domin bawul ɗin da aka matse ba ya zama daram a mazauninsa, ba ya samun sauke zafinsa, a hankali sai ya ƙone. Gara bawul mai 'yar ƙara da wanda aka matse ya yi shiru. Injin 1ZZ na Toyota Corolla ba shi da sukurun saiti, sai dai a auna a canza ƙoƙon da ke kan bawul da wani mai kaurin da ya dace. Tafet mai aiki da mai kuwa ba a saita shi sam. Ana yin juye da sabon mai da filta mai inganci, a yi tafiya mai ɗan nisa kamar daga Zariya zuwa Kaduna, idan har ƙarar ba ta tafi ba sai a canza shi.

Batun mai mai kauri yana buƙatar a tsaya a kansa. Al'ada ce a garejinmu a zuba mai mai kauri mai lamba 20W-50 a kowace mota, alhali injin da aka ƙera shi don mai mara kauri mai lamba 5W-30 hanyoyin mansa matsattsu ne, kuma da sanyin safiya mai kauri yakan ɗauki lokaci kafin ya isa sama. Yana iya rufe ƙarar na ɗan lokaci, amma bai gyara abin da ya cinye ba. A bi abin da aka rubuta a murfin zuba mai ko a littafin motar, a guji man awo da ake sayarwa a tsofaffin robobi a bakin titi, kuma saboda ƙurar da muke ciki da gajerun tafiye-tafiye irin na Samaru zuwa Sabon Gari, kada juye ya wuce kilomita 5,000. Injin da aka daɗe ana jinkirta masa juye yakan tara baƙin datti mai kama da kwalta, wanda ke toshe rariyar da famfo ke tsotso mai ta cikinta, kuma maganinsa shi ne a kwance botom filet a wanke rariyar da hannu.

Idan an yi duk wannan ƙarar tana nan, kafin a amince a sauke inji a nemi bakanike ya cire suwic ɗin fitilar mai ya ɗaura agogon auna ƙarfin mai a gurbinsa, a karanta shi bayan injin ya yi zafi sosai. Ƙa'idar da makanikai suka daɗe suna amfani da ita ita ce a samu aƙalla psi 10 (ma'aunin ƙarfin mai da agogon ke nunawa) a kan kowane juyi 1,000 da injin ke yi a minti. A kuma tari man da aka juye a cikin kwano mai tsabta a kai shi rana a duba. Idan ƙarfin man ya cika kuma babu komai a cikinsa, matsalar tana sama ne, a tafet ko kamshaf ko abin da ke ɗame sarƙar tayimin, kuma ana gyara su injin yana kan motar. Idan kuwa ƙarfin ya gaza, ga kuma ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a cikin man, to metal ya fara ci, a bar motar a garejin kada a sake tayar da ita sai an buɗe ƙasan.